Stanley Dancer da tseren da ake hana doki sukuwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin sukuwa, ko ya ga yadda mahaya ke sakin dawaki ranar hawan sallah, ya san halin doki: in ka matsa masa, sukuwa zai yi. Halittarsa ke nan. To akwai wani tsere da aka gina shi kacokan a kan hana doki wannan abin. Babu sirdi, babu likkafa, babu mahayi a gadon bayansa. Wani ɗan keke mara nauyi mai ƙafa biyu ake ɗaura masa, mutum ya zauna a kai dab da wutsiyar dokin, ƙafafunsa a miƙe gaba, ya riƙe dogon kamazuru. Dokin zai yi gudun da ya kai kilomita 50 a awa ɗaya, da sharaɗin ba zai ɓarke da sukuwa ba. In ya ɓarke, dole matuƙin ya janye shi gefe ya maido shi kan takunsa, kafin nan kuwa sauran sun yi masa fintinƙau. A Faransa ma cire shi ake yi daga tseren gaba ɗaya.

A Amurka, in ana zancen wannan sana'a, ba a tsallake sunan Stanley Dancer. An haife shi ranar 25 ga Yuli 1927 a jihar New Jersey, ya rasu a watan Satumba na 2005 a Pompano Beach ta jihar Florida. A tsawon rayuwarsa ya ci tsere 3,781, dawakin da ya tuƙa sun tara fiye da dala miliyan 28. A nan ne tambayar take. Hervé Filion, ɗan ƙasar Kanada, ya ci tsere sama da 15,000. John Campbell, shi ma ɗan Kanada, dawakin da ya tuƙa sun tara kusan dala miliyan 300. In dai alƙaluma za a bi, Dancer bai kama ƙafarsu ba. Me ya sa har gobe masana harkar ke ajiye shi a sahun farko? Amsar tana cikin irin aikin da ya yi, wanda yanzu ya kusa ɓacewa a Amurka: shi ne mai horar da dokin da asuba, shi ne kuma mai tuƙa shi da dare.

Kafin a gane nauyin wannan, sai an fahimci takun dokin. Iri biyu ne. Na farko sassarfa ce: ƙafar gaba ta dama da ƙafar baya ta hagu su tashi tare, sannan ɗaya ɓangaren ya karɓa. Na biyun kuwa, wanda ya san raƙumi ya riga ya san shi: ƙafafu biyu na gefe ɗaya, gaba da baya, su tafi tare, dokin yana rangaji dama da hagu. Masu tafiyar raƙumi sun ɗan fi sauri, kuma su suka fi yawa a Amurka. Akan sa musu wani irin dabaibayi mai sassauci da ke haɗa ƙafar gaba da ta baya a kowane gefe, don ya taimaka musu su riƙe takun. Masu sassarfa su suka fi wuyar sha'ani, domin abu kaɗan ke rikita musu lissafi, su ne kuma Turai ta fi so. Ba a haɗa iri biyun a manyan tsere. Kowanne da nasa fagen.

Jinsin dawakin ma da wannan aiki aka samar da shi. Tushensu wani ingarma ne ɗan Ingila mai suna Messenger da aka kai Amurka a 1788. Daga zuriyarsa aka haifi Hambletonian a 1849 a jihar New York, wanda wani ɗan ƙodagon gona, William Rysdyk, ya saya tare da uwarsa a kan dala 125. Wannan ingarma ya haifi 'ya'ya fiye da 1,300, kuma kusan duk dokin da ke wannan tsere a Amurka yau jininsa ne. A 1879 aka kafa ma'auni: doki ba ya shiga rajistar jinsin sai ya iya cinye mil ɗaya cikin minti 2 da daƙiƙa 30. Daga wannan ma'auni jinsin ya samo sunansa na Standardbred. Har yanzu mil ɗaya ne tsawon yawancin tsere a Amurka, kuma da lokacin da doki ya yi a mil ɗaya ake sanin darajarsa.

Aikin mai horarwa, a taƙaice, shi ne ya sa doki ya yi iyakar gudunsa ba tare da ya koma ga abin da jikinsa ke kira ba. Wannan ba aikin bulala ba ne, aikin lura ne. Takalmin ƙarfen da ake buga wa kofato, in ya ɗara nauyi kaɗan ko ya gaza kaɗan, takun ya canza. Tsawon kofaton da yadda aka fere shi, haka. Wani dokin ƙafarsa ta baya kan taɓo ta gaba in ya buɗe taku, sai a nemo masa kariya ko a sake masa takalmi. Wani inuwa yake tsoro, in ya gan ta a ƙasa sai ya yi tsalle, sai a ɗaura masa gashin tunkiya a karan hanci ya tare masa ganin ƙasa. Wani kai yake karkatarwa, wani hayaniya ke firgita shi sai an toshe masa kunne. Kullum da safe a fita da shi ya yi mil da dama a hankali, jefi-jefi kuma a gwada shi da gudu. Ana sayen dukushi yana ɗan shekara ɗaya a gwanjon kaka, a Harrisburg ko Lexington, a koya masa linzami da jan keke, a kai shi Florida ya yi sanyi a can, kafin ya fito fage yana ɗan shekara biyu. Tun kafin a san ko zai yi abin kirki, mai shi ya fara biyan kuɗin ajiye masa gurbi a manyan tseren da ke tafe.

Shi kuwa matuƙi, aikinsa duka minti biyu ne. Cikin minti biyun nan zai yanke shawarar ko ya fita da ƙarfi ko ya laɓe, ya ƙiyasta saurin da ake yi ba tare da ya duba agogo ba, ya nemi kafar fita tsakanin ƙafafun kekuna da ke kusan gogar juna, kuma ta kamazuru ya ji lokacin da dokin ke shirin ɓarkewa tun kafin ya ɓarke. Bisa al'ada, in doki ya ci kuɗi, mai horarwa na da kashi 5 cikin ɗari, matuƙi kashi 5. Wanda ya haɗa biyun ya kwashi duka, amma ya ɗauki laifin duka in abu ya ɓaci. Ana cewa taura biyu ba ta taunuwa. A zamanin Dancer, tauna su tare shi ne sana'ar.

Ɗan manoma ne, bai yi nisa a makaranta ba, ya bar ta bayan aji takwas. Daga ɗan barga ya fara, mai share kashi da wanke doki, kuma a 1945 ya fara tuƙi a filin Freehold da ke jiharsu. Dokin da ya ɗaga shi wani gurgun doki ne mai suna Candor da ya saya dala 250, ya yi ta jinyar ƙafarsa har ya koma fage ya riƙa kawo kuɗi. Ina ganin duk wanda ke son ya gane Dancer, daga nan ya kamata ya fara. Mutumin da jarinsa duka doki ɗaya ne mai ciwon ƙafa dole ya koyi karanta ƙafar doki kamar yadda malami ke karanta allo. Daga baya ya kafa gonarsa a New Egypt, ya sa mata suna Egyptian Acres.

Ya kuma zo a kan gaɓa. Kafin yaƙin duniya na biyu, wannan tsere abin ƙauye ne, na bukukuwan manoma da rana tsaka. A 1940 aka buɗe filin Roosevelt a kusa da birnin New York, ana tsere da dare a ƙarƙashin fitilu. A 1946 aka fara amfani da motar tashi a can: mota mai dogayen fikafikai na ƙarfe, dawaki su jeru a bayanta suna tafiya, ta ƙara wuta ta naɗe fikafikan, tsere ya fara. Kafin ita, akan yi ta maimaita tashi har 'yan kallo su gaji. A 1950 filin Yonkers ya biyo baya. Mutanen birni suka yi ta tururuwa bayan an tashi daga aiki. Akwai daren da mutum fiye da 50,000 suka cika Roosevelt a 1960.

Filayen nan biyu kewayensu rabin mil ne, wato tsere zagaye biyu ne da kwana huɗu masu tsauri. A irin wannan fili, dokin da ke waje ya fi na jikin shinge cin tafiya a kowace kwana, wanda kuma aka rufe a ciki yana iya ƙare tseren da ƙarfinsa bai samu hanyar fita ba. Tsofaffin matuƙa sun saba da jerawa a layi, kowa na tattalin dokinsa sai an zo ƙarshe. Dancer ya ƙi wannan. Da motar ta naɗe fikafikai sai ya fice ya kama gaba, ya riƙe shinge, ya bar na baya su san yadda za su yi da shi. Mutane kan ɗauka wannan zafin rai ne kawai na saurayi. A ganina lissafi ne na mai horarwa. Ba ka sakin doki tun daga farko sai ka san yawan numfashin da ke ƙirjinsa, kuma ba wanda ya san wannan kamar wanda ya gina numfashin da hannunsa cikin watanni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 1964 ya zama matuƙi na farko da dawakinsa suka ci dala miliyan ɗaya cikin shekara guda.

Shahararsa ta farko da tsofaffin dawaki ta zo. Su Mac Lad, dandaƙaƙƙen doki mai sassarfa, ya ci babban tseren ƙasa da ƙasa na Roosevelt sau biyu, a 1961 da 1963, inda ake gayyato zakarun Turai, ya kuma zama gwarzon dokin shekara a 1962. Amma labarin da ya fi burge ni shi ne na Cardigan Bay. A New Zealand aka haife shi a 1956, mai tafiyar raƙumi ne, ya ci manyan tseren ƙasarsu da na Ostireliya, ya kuma taɓa jin mummunan rauni a ƙugu. A 1964 Dancer da abokan hulɗarsa suka saye shi dala 100,000 yana ɗan shekara 8. A duba wannan ciniki da kyau: doki ne da aka dandaƙe, ba zai haihu ba, ya fara tsufa, yana da tsohon rauni. Hanya ɗaya ce kuɗin za su dawo, ya ci gaba da gudu. Ya kuwa ci gaba. A 1966 ya kara da Bret Hanover, matashin da ake ganin ba a iya kayar da shi, ya doke shi a Yonkers, Bret Hanover ya rama a Roosevelt. A watan Satumba na 1968, yana ɗan shekara 12, Cardigan Bay ya zama doki na farko a wannan tsere da ya tara dala miliyan ɗaya, kuma a Freehold aka yi, filin da Dancer ya fara. Aka mayar da shi New Zealand ya huta, ƙasar ta buga hotonsa a kan kan sarki, ya rayu har 1988. Riƙe tsohon doki a sahun gaba shekara huɗu ba ya yiwuwa sai da wanda yake shafa ƙafafun nan kowace safiya ya san ranar da za a matsa da ranar da za a ƙyale.

Sai dai babban kuɗi da babban suna suna wajen dawaki 'yan shekara uku. Kowane taku yana da manyan tsere uku, dokin da ya haɗa su a shekara ɗaya ya ɗauki abin da ake kira kambi uku. Na masu sassarfa su ne Hambletonian, wanda aka sa wa sunan ingarman can, da tseren Yonkers, da Kentucky Futurity. Na masu tafiyar raƙumi kuwa Cane, da Little Brown Jug, da Messenger. Doki sau ɗaya yake samun wannan dama a rayuwarsa. Dancer ya haɗa kambin sau uku, kuma kowanne shi ya horar shi ya tuƙa: Nevele Pride a 1968, Most Happy Fella a 1970, Super Bowl a 1972. Biyu masu sassarfa, ɗaya mai tafiyar raƙumi. Har yau ba wanda ya sake yin haka. Bayan Super Bowl ma sai da aka yi shekara 32 kafin wani mai sassarfa ya sake haɗa ukun, wato Windsong's Legacy a 2004.

Nevele Pride mugun doki ne mai cizo da harbi, 'yan barga na shakkarsa. Cikin tsere 67 ya ci 57, ya zama gwarzon dokin shekara sau uku a jere, daga 1967 zuwa 1969. A ƙarshen Agusta 1969, a Indianapolis, Dancer ya tuƙa shi ya cinye mil ɗaya cikin minti 1 da daƙiƙa 54 da huɗu bisa biyar, ya karya tarihin da wani doki mai suna Greyhound ya kafa tun 1938. Shekara 31 tarihin nan yana tsaye. A wannan lokaci sunan Dancer ya fita daga da'irar masu dawaki: hotonsa ya hau bangon mujallar Sports Illustrated a 1968, a 1969 kuma aka shigar da shi zauren gwarazan sana'ar da ke Goshen.

Ba kullum lissafin ke fita daidai ba. A Hambletonian na 1965 yana da dawaki fiye da ɗaya a bargarsa. Ya zaɓi ya tuƙa Noble Victory, wanda kowa ya sa wa ido, ya ba Del Cameron wani mai suna Egyptian Candor, na matarsa Rachel. Aka yi ruwa fili ya caɓe, Noble Victory ya kasa, Egyptian Candor ya ci. A 1971 kuma yana da Albatross, wanda da yawa ke ganin shi ne mafi kyawun dokin da ya taɓa riƙewa. Ya ci Cane, ya ci Messenger, amma a Little Brown Jug wani doki mai suna Nansemond, wanda Hervé Filion ke tuƙawa, ya tare masa hanya. Duk da haka Albatross ya zama gwarzon shekara a 1971 da 1972. Shekarar 1972 ɗin nan abin dubawa ce: Super Bowl ya haɗa kambi uku, amma bai samu sarautar gwarzon shekara ba, saboda wanda ya ɗauke ta maƙwabcinsa ne a barga ɗaya. Gaba ɗaya dawakin Dancer sun ɗauki wannan sarauta sau bakwai, na ƙarshe Keystone Ore a 1976.

Akwai wani ɓangaren kuɗin da ɗan kallo ba ya gani. Ingarman da ya yi fice yana ɗan shekara uku ko huɗu, akan janye shi daga fage a raba mallakarsa hannun jari tsakanin masu kiwo, ya koma barbara. Nan ne miliyoyin suke. Albatross ya haifi Niatross, Most Happy Fella ya haifi Cam Fella, Nevele Pride ya haifi Bonefish wanda Dancer ya ci Hambletonian da shi a 1975, Super Bowl kuwa jininsa ya bazu har Turai. Wato idon da Dancer ya sa a kan dukushi a wajen gwanjo ya shafi irin dawakin da ake haifa shekaru da dama bayansa.

Ba na son in nuna zamanin kamar mara aibi. A lokacin, cin Hambletonian sai doki ya ci zagaye biyu a wuni ɗaya, kowane zagaye tseren mil ɗaya ne cikakke, in an rarraba kuwa a yi ta komawa har sau huɗu. A Du Quoin ta jihar Illinois ake yinsa daga 1957 zuwa 1980, cikin zafin ƙarshen bazararsu. Bonefish sai da ya yi mil huɗu a wuni guda kafin ya ci. Shekarar da ta biyo baya, Steve Lobell, dokin Billy Haughton, ya ci bayan zagaye huɗu sannan ya yanke jiki ya faɗi, da ƙyar aka ceto shi, abin da ya sa aka gyara dokar. Mutanen ma ba su tsira ba. Keke ba shi da abin kariya. In dokin gaba ya faɗi, na baya kansa za su hau. Dancer ya faɗi a fage fiye da sau 30, ya yi haɗarin mota, na jirgin sama, na helikwafta, zuciyarsa ta buga sau biyu. Haughton, babban abokin hamayyarsa kuma amininsa, wanda shi ma horarwa da tuƙi ya haɗa, ya rasu a watan Yuli na 1986 sakamakon raunin da ya ji a ka a wani haɗari a Yonkers.

Shekarar da ta fi nuna ko wane ne Dancer ita ce 1983. Yana da wani doki mai sassarfa da ake kira Dancer's Crown, wanda ya yi fice tun yana ɗan shekara biyu, kowa na ganin Hambletonian nasa ne. Wannan ne karon farko da kuɗin tseren ya haura dala miliyan ɗaya. Saura 'yan makonni, dokin ya kamu da ciwon hanji ya mutu. Wanda bai taɓa renon dabba ba zai ɗauka asarar kuɗi ce kawai. Mutumin da ya yi kusan shekara biyu yana fita da doki kowace asuba, ya san numfashinsa, ya san abin da yake so da wanda ba ya so, ba kuɗi kaɗai ya rasa ba. A bargar tasa akwai wata goɗiya mai suna Duenna, ta Norman Woolworth. Goɗiyoyi suna da nasu tseren daban, kuma rabon da wata ta ci Hambletonian tun Kerry Way a 1966. Aka yanke shawarar a jefa ta cikin maza. Dancer, yana da shekara 56, ya hau keke ya tuƙa ta, ta ci. Wannan ne Hambletonian na huɗu da ya ci da hannunsa, na biyar da ya fito daga bargarsa. Matuƙin haya ba zai iya yanke wannan shawara ba, domin ba shi ne ya san abin da goɗiyar nan ke yi da safe ba idan babu ɗan kallo.

To amma a daidai lokacin, ƙasa ta riga ta fara zamewa a ƙarƙashin irin su Dancer. A 1976 aka buɗe filin Meadowlands a New Jersey, mai kewayen mil guda, da kuɗi masu tsoka kowane dare, can ne ma Hambletonian ya koma daga 1981. An sake fasalin keken ya ƙara sauri. Tsere ya koma gudu daga farko har ƙarshe, wanda shi Dancer yana cikin waɗanda suka fara koyar da shi. Sai ga wasu matasa irin su John Campbell da Bill O'Donnell waɗanda tuƙi ne abincinsu. Suna hawa keke sau da yawa a dare ɗaya, a bayan dawakin mutane daban-daban. Sun san halin kowane abokin karawa, hannunsu ya faɗa, kuma ba su kwana da ciwon kan abinci da magani da albashin 'yan barga ba. Masu dawaki suka lura cewa doki yakan ƙara sauri a hannunsu. Wanda ya zuba dubban ɗaruruwan daloli a kan dukushi kuwa ba ya jin wani dogon bayani. Sai ya ce wa mai horarwa ya sauka ya ba ƙwararre. Wannan shi ya warware tambayar alƙaluman can: matuƙin da ke zagaya filaye yana hawa kowane doki, kamar yadda Filion kan yi tsere da rana a wani fili da dare a wani, dole ya tara dubbai. Dancer galibi nasa yake tuƙawa, kuma manyan tsere yake hari.

Ina da ra'ayi a kan wannan rabuwa. Na yarda cewa a cikin minti biyun nan matuƙin haya ya fi gwaninta, agogo ma ya shaida. Abin da aka rasa wani abu ne daban. Matuƙin haya yana sauka daga keke ya miƙa kamazuru ya nufi doki na gaba. Ko ya tatse dokin ƙarƙaf, ba shi zai tarar da shi gobe da kumburarriyar ƙafa ba. Wanda zai buɗe ƙofar bargar da asuba yana da dalilin da zai sassauta in ya ga tseren ya kuɓuce, ya ajiye dokin don mako mai zuwa ko baɗi. Kuma abin da ya ji a hannunsa da dare, kai tsaye yake zama gyaran takalmi da safe, ba sai wani ya ba shi labari ba. A Turai wannan haɗi bai mutu ba. A Faransa, Jean-Michel Bazire ya yi shekaru yana horarwa yana tuƙi, ya kuma ci Prix d'Amérique na filin Vincennes sau da dama. A Amurka ma Åke Svanstedt, wanda ya zo daga Suwidin, ya ci Hambletonian a 2021 da Captain Corey, dokin da shi ya horar. Amma irinsu yanzu ana ƙirga su da yatsu a manyan tseren Amurka.

Akwai maganar da bai kamata a ɓoye ba: kuɗin da suka gina wannan duniya daga caca suka fito. Ana yankar wani kaso daga abin da 'yan kallo suka zuba, da shi ake biyan ladan tsere. Ni dokin da aikin hannun ne suka ja ni, kuma ina ganin wannan tushe shi ne raunin sana'ar. Jama'ar da ta cika Roosevelt, mafi yawansu ba takun doki ya kawo su ba. Da jihar New York ta buɗe shagunan caca a cikin gari a 1971, mutum bai buƙatar zuwa fili. Da gidajen caca suka buɗe a Atlantic City a 1978, wasu suka koma can. Roosevelt ya rufe a 1988. Yonkers yana nan, amma injinan cacar da aka girka a harabarsa ne ke riƙe da shi.

Dancer ya ci tserensa na ƙarshe a 1995 a filin Garden State, da wani doki mai suna Lifelong Victory, shekarunsa sun doshi 70, shekara 50 bayan fitowarsa ta farko. Ciwon daji ne ya yi ajalinsa shekara goma bayan nan. Garden State ya rufe a 2001. Filin Pompano na Florida, inda ya saba kai dukusansa su yi sanyi, ya rufe a 2022. Freehold, inda ya fara tuƙi a 1945 kuma inda Cardigan Bay ya cika miliyan ɗinsa, ya yi tserensa na ƙarshe a watan Disamba na 2024. A Meadowlands kuwa, duk watan Yuli ana yin wani tsere mai ɗauke da sunan Stanley Dancer, na dawaki masu sassarfa 'yan shekara uku, inda masu horarwa ke gwada na hannunsu kafin Hambletonian da ke zuwa a farkon Agusta.